Karatu da Sunan Aro

Jakar takarda ta farko da na ɗaura wa kan gero, maigidana Malam Tukur ne ya duba ta. Ya zo ya tsaya a kanta, ya kumbura kumatu ya hura mata iska sau ɗaya, ta tashi ta faɗa tsakanin kunyoyin gona. Sai ya wuce abinsa, ya bar ni da zare a hannu. Ku da ake turo mana daga makarantu da fararen takalma, kuna cewa aikin gonar gwaji ai noma ne kawai, kakanku ma yana yi bai taɓa shiga aji ba, to ku matso. Ni Isiyaku Tanko na yi shekaru a aikin nan fiye da shekarun kowannenku a duniya, kuma har na ajiye shi ban ce na gama iya shi ba.

Tashar gwajin tamu ta jami'a ce, ko da yake ita jami'ar tana can birni, tafiyar yini guda. An ajiye mu nan tsakanin Gumel da Gagarawa saboda ƙasar jigawa da ƙarancin ruwa, don geron da ya yi a nan zai yi a ko'ina. Albashinmu daga jami'a yake zuwa, ƙa'idojinta ne a kanmu, amma yawancinmu ko ƙofarta ba mu taɓa gani ba.

Babban aikinmu shi ne abin da muke kira ɗaurin aure. Gero biyu ake so a haɗa, wannan mai saurin nuna, wancan mai doguwar zangarniya, a ga abin da za su haifa. Idan gero ya yi ciki, kai ya fara leƙowa, sai ka rufe shi da jakar takarda tun bai fitar da farin gashin nan mai laushi ba. Ka makara da yini ɗaya, iska ta riga ta kawo masa miji daga gonar maƙwabci, ka yi wahalar banza. Bayan kwana uku ko huɗu ka ɗaga jakar kaɗan ka leƙa. In gashin ya fito fari fat, amarya ta shirya. Sai ka je wajen uban, shi ma yana cikin tasa jakar, ka lanƙwaso karan a hankali ka bubbuga, bununi, wato ƙurar furen, ya zuba ciki kamar garin masara. Ka toshe baki, ka juya wa iska baya, ka cire ta uwa ka kifa ta uba, ka girgiza, ka ɗaure. Ɗaurin kuma ba na dami ba ne. Ka matse da yawa, ka shaƙe kan. Ka sassauta, ka ga abin da ya sami tawa. Duk wannan tsakanin bushewar raɓa da hantsi ake yinsa, don da rana ta ɗaga bununi ya mutu.

Kuma da fensir ake rubuta lamba, ta uwa a gaba, ta uba a baya. Na san ku da son biro. Wani sabon ma'aikaci ya taɓa rubuta layi guda cur da biro, ruwa biyu da rana suka wanke shi tas. Muka girbe 'ya'yan da ba a san iyayensu ba, aka ba kajin mai gadi. Kayan aikin namu ba su da wani kwarjini: fensir a bayan kunne, reza ta feƙe shi, zare, igiyar awo mai ƙulli-ƙulli, fegi, sikeli, sai ma'aunin ruwan sama da ake dubawa kowace safiya a lokaci ɗaya, ko da ranar salla ce.

Masu zuwa wajenmu iri biyu ne. Akwai daktocin jami'a, su zo a landirofa su kwana biyu, ba ruwansu da kyan gona, lamba suke so. Akwai kuma manoma, su da farko dariya suke mana. Ranar kasuwa masu jakuna kan tsaya a bakin waya suna kiran juna, "Ku zo ku ga masu sa wa gero hula!" Su ɗin ne dai da kaka za su zagayo da 'yar ƙwarya a ƙarƙashin riga, wai a ɗan sam musu iri.

Ni a lebura aka ɗauke ni, shekarar da aka gama yaƙin basasa, daga ni sai hauya da sungumi. Wata rana Malam Tukur, wanda shi ne babban malamin tasha, ya aiki wani ya ɗauko fegi mai lamba goma sha takwas, mutumin ya kawo tamanin da ɗaya. Bakina da ba ya iya shiru, na ce ba shi ba ne. Malam ya juyo.

"Kai ka yi makaranta?"

"Na yi bakwai, Malam."

"To me kake yi da hauya?"

Ya zaro fensir daga bayan kunnensa, ya karya biyu, ya miƙo mini rabi. Damina biyu ina bin bayansa. Mutum ne da ba ya yabo. In ka yi abin kirki ya ce "To," in ka ɓata ya yi shiru, kuma shirun ya fi zagi ciwo. Da aka mai da ni ma'aikacin wata, aka buɗe mini fayil da sunan da ke kan takardar harajina, Isiyaku Tanko. Ba wanda ya nemi takardar firamare, ni ma ban kawo zancenta ba, don da dalili.

A zamaninmu ba kai yaro boko ake yi ba, kama shi ake yi. Hakimi ya aiko wa dagaci ana son yara kaza, dagaci ya raba wa gidaje. A ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, rabon ya faɗa kan Baffa Gide, wani Bafillace mai shanu wanda mahaifina yake noma gonarsa. Aka rubuta ɗansa Sambo. Baffa Gide kuwa ya gwammace a cire masa yatsa da a raba Sambo da garke. Sai suka yi magana da mahaifina. Ranar da ɗan doka ya zo, ni aka miƙa masa, an yi mini aski an sa mini sabuwar riga, aka ce in an kira Sambo Gide in amsa. Mahaifina ya sami karsana, ni na sami suna. Ba mu kaɗai muka yi haka ba. Malaman ma sun sani, ba sa tonawa, su dai benci ya cika.

Shekara bakwai ina amsawa, huɗu a Sule Tankarkar, uku a makarantar kwana a Gumel. Bulalar da aka yi wa Sambo Gide a gadon bayana ta sauka, kyautar lissafi da ya ci a aji shida ni na karɓo. Shi kuwa Sambo na gaske yana daji da sandarsa. Sa'ana ne, tare muka tashi, kuma ni Bamange shi Bafillace, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ba na dawowa hutu sai ya tare ni a hanya ya ce bawansa ya dawo daga aike. "To, me na koya bana?" in ji shi. In ce masa ya koyi rabawa da ninkawa, amma har yanzu warin maraƙi yake yi. Da na gama bakwai mahaifina ya kwanta ciwon da bai tashi ba, na koma gona, takardar na sa ta a gwangwani na rufe.

Ana nan sai wata takarda ta zo daga jami'a aka manna a ƙofar sito. Ta ce duk ma'aikacin da ya cika shekara uku, yana da shaidar gama firamare, jami'a za ta iya tura shi makarantarta ta aikin gona kwas na shekara biyu. Ita za ta biya kuɗin makaranta da na ɗaki, albashinsa yana tafiya, in ya gama ya dawo ya yi mata aiki. Mutum ɗaya ake ɗauka daga tasha, ba kuma kowace shekara ba, kuma wanda layi ya zo kansa ya bari ya wuce ba ya sake zuwa. Malam Tukur ta wannan hanyar ya bi. Wallahi na karanta takardar nan har na haddace ta. In na zo ajiye hauyoyi sai in tsaya in sake karantawa, kamar za ta canja magana.

Ma'aunin ruwa ni nake duba shi a shekarar fari, shekarar da aka koma naira. Kowace safiya in buɗe, in ɗaga kwalbar sama in leƙa, in rubuta sifiri. Na rubuta sifiri har hannuna ya gaji da zagaye. Sau uku muna shuka. Wanda ya tsira ya yi ciki da ƙyar, kai ya fito, ka murza a tafin hannu ka hura, ba ko ƙwaya. Hanyar Maigatari ta cika da mutanen arewa da jakuna da tukwane, gefen hanya kuwa gawar shanu har ungulu sun ƙoshi sun daina sauka. Mata suna tona gidan tururuwa suna kwashe abin da ta tara. A shekarar ne Baffa Gide da Sambo suka kora garke suka yi kudu. Daga baya muka ji tsohon ya rasu a hanya, Sambo kuwa ba labari.

A duk gonar gwaji layi ɗaya ne ya yi ido, wani gajeren gero da muke kira Guntu, ko ƙugu bai kai ba. Ni na ɗaura auren iyayensa. Muka tsare shi daga tsuntsu, muka tsare shi daga awaki, mai wuyar ita ce tsare shi daga mutane. Wata tsohuwa ta taɓa yini a bakin waya tana kallon zangarniyar, ba ta roƙa ba, kallo kawai. Na ba ta abincin ranata, amma geron ban taɓa ba, don iri ne, in aka cinye shi ba inda za a samo wani. Har yau in na tuna idonta sai in ji ba daɗi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: me ya sa Guntu? Uwarsa doguwa, ubansa dogo, duk sun mutu a fegin da ke gefensa, shi ya fito gajere ya rayu. Na tambayi Malam Tukur, ya ce gado ne. Na ce daga wa? Ya ce, "Wannan sai a can, a aji. Ni ma rabi na kamo." Da Dakta mai kula da gero ya zo ya tarar da kowace zangarniya a jakarta da lambarta daidai, ya tambayi wanda ya yi aikin. Shi ya rubuta wasiƙar da ta sa layi ya zo kaina. Da kakar shekarar da ta biyo na ɗaura akwatin ƙarfe a ka, na hau jirgi a Gagarawa Tasha, gwangwanin takardata yana aljihun gaba.

A ofishin rajista wani akawu mai furfura ya buɗe fayil ɗina a hagu, ya shimfiɗa takardar firamare a dama.

"Wane ne Isiyaku Tanko?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"Wane ne kuma Sambo Gide?"

"Ni ne."

Ya cire tabarau ya dube ni. "To wanne a cikinku zan ba ɗaki?"

Na zayyana masa komai. Sai ya yi dariya, ya ce ba ni ne farau ba, ƙanensa ma da sunan ɗan sarkin noma ya yi karatu. Ya ce in shiga aji wannan zangon. Amma in za a dawo daga hutu, lalle in zo da takardar kotu: mai sunan ya tsaya gaban alƙali ya rantse bai taɓa zama a aji ba, ni na zauna, takardar tawa ce. In ban kawo ba za a soke sunana, kuma shi ba abin da zai iya yi mini. Ya mayar mini da takardar na sa a gwangwani.

Ranar farko malami ya buɗe rajista ya kira, "Isiyaku Tanko." Na yi zaune ina jira a zo kan Sambo. Sai da ya kira sau uku na kusa da ni ya zungure ni. Tun da uwata ta haife ni ba a taɓa kiran sunana a cikin aji ba sai ranar. Na ce "Na'am" da ƙarfin da ya sa aji duka ya fashe da dariya, ban kuwa ji kunya ba.

Kai, wata ukun nan! Ban san yadda zan kwatanta muku ba, ku da aji ya ishe ku har kuna gudunsa. Ni ƙamshin alli ma daɗi yake mini. Ɗakin karatu kuwa, littattafai daga ƙasa har rufi, ka ɗauki wanda kake so ba mai ce maka don me. Ranar da aka sa mana bununin gero a madubin nan mai ƙara girman abu, na kanga ido na ga ƙurar da na yi shekaru ina kaɗawa a jaka ashe ƙwallaye ne, kowanne zagayayye da 'yar ƙofarsa. Na ƙi tashi har na bayana suka fara tsaki. Akwai malamin da ke koya mana gado, wani siriri mai saurin magana. Yakan zo da ƙwarya biyu, farin wake da ja a gauraye, ya sa mu rufe ido mu ɗauko ɗaya nan ɗaya can mu haɗa, mu jera a tebur. A hankali na fara hango yadda hali yake ɓuya a cikin ɗa ya je ya fito a jika. Na bi shi bayan aji na ba shi labarin Guntu. Ya tsaya cak, ya ce, "Zango na biyu za mu bar wake mu shiga gero. Ka zo mini da zangarniya uku, da su za mu yi darasin." Na ce in sha Allahu.

Da aka ba da hutu ko tasha ban tsaya ba, na wuce ƙauye. Inda rugar Baffa Gide take babu komai sai turaku. Na bi dangi ina cigiya, wannan ya ce Sambo yana kudu, wancan ya ce ya tsallaka Damagaram. A ƙarshe wata gwaggonsa ta ce in duba karar shanu ta Maigatari ranar Alhamis.

Na same shi kuwa, yana riƙe da igiyar bijimin wani dillali. Ban gane shi ba sai da ya yi magana, don ya zube, wuya duk jijiya.

"Kai bawa! Wa ya ba ka izinin sa takalmi a gaban ubangidanka?"

"Ji Bafillacen da ko bindin saniya ba shi da shi yana kiran wani bawa," in ji ni.

Wasa na yi, irin wanda muka saba. Ya yi dariya, amma ta makara. Da na san gaskiya ce na faɗa da na haɗiye abata. Muka zauna a rumfar mai ƙosai na saya mana. Ya ci biyu, sauran ya ƙulle a bakin rawaninsa yana zance, kamar ban gani ba. Ya ce shanun da yunwa ta bari, ciyawar kudu da ƙudanta suka ƙarasa. Da sanda kaɗai ya dawo. Ya je wajen danginsu a Damagaram ya tarar sun fi shi shiga uku. Matarsa da 'ya'ya uku suna zauren wani a bayan gari, shi kuma yana jan igiya ranar kasuwa, abin da aka ba shi su ci har wata Alhamis.

Na buɗe gwangwani na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya karɓi takardar ya riƙe ta da gefe-gefe.

"Ina sunan nawa?"

Na nuna masa da yatsa. Ya daɗe yana kallon wurin.

"Ikon Allah," in ji shi. "Ka san ni ma mako biyu ke nan ina cigiyarka?"

Wai masu allurar shanu sun zo kara, wani bijimi ya ƙwace ya watsa mutane, shi kaɗai ya kama shi ya kayar. Babbansu ya kira shi ya ce irinsa suke nema, aikin wata, amma ba a ɗaukar kowa sai mai takardar firamare. "Na ce masa ina da ita, tana wajen wani bawana da ya zauna mini a aji. Ya ce in kawo kafin wata ya mutu."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye muku ba. Na ce, "Haba Sambo! Kai da ko harafi ɗaya na boko ba ka sani ba?"

"Shanun ma ba su sani ba. Aikin kamu ne da riƙo, da gane marar lafiya tun daga tafiyarta. Duba karar nan, akwai wanda ya fi ni?"

Babu, ni ma na sani.

"Shekara bakwai wa ya sha bulala? Wa ya kwana da yunwa a makarantar kwana kana shan nono?"

"Kai ne. Ban ce ba kai ba ne." Ya miƙo mini takardar. "In ka ce mu je Gumel gaban alƙali, ko gobe mu je. Gaskiya ce, ba zan ƙi rantsuwa a kan gaskiya ba."

Na ce to ya rantse, ni kuma zan riƙa aiko masa da wani abu duk wata. Ya girgiza kai.

"Ɗan Gide ya zauna yana jiran aike? Haba, Isiyaku."

Ban tuna ranar da ya taɓa kirana da sunana ba kafin wannan. Na ce ya ba ni mako guda.

Na koma tasha na faɗa wa Malam Tukur. Ya ce, "Ka san abin da kake tunanin yi laifi ne?" Na ce na sani. "Ka san layin ba ya dawowa?" Na ce na sani. Sai ya ce shi bai ji komai ba, in je sito akwai jakunkunan da ba a sussuke ba. Kwana shida ina murza zangarniya ɗaya-ɗaya ina aunawa ina juya maganar. Takarda ɗaya ce, ba ta rabuwa. In ya rantse, duk ƙasar Gumel an san bai yi makaranta ba, aikinsa ya tafi. In na ba shi, ba ni da abin da zan kai wa akawu. Ni ko na koma aji ko ban koma ba, tukunyar gidana za ta hau wuta. Tasa ba za ta hau ba. Na juya ta kowace fuska amsa ɗaya nake samu, kuma wallahi ban so amsar ba.

Kada wani a cikinku ya ce na koya masa bayar da takarda. Yanzu kama ku za a yi, kuma daidai ne. Ina dai faɗa muku abin da ya faru. Ban koma makarantar ba. Na rubuta wa jami'a cewa na janye saboda lalurar gida, katifata da bokitina wani ɗan Haɗeja ya gada. Waɗanda na koya wa ɗaurin jaka suka tafi kwas ɗaya bayan ɗaya, suka dawo suna sa hannu a takardar hutuna. Ban yi musu baƙin ciki ba, amma duk wanda ya dawo sai na ja shi gefe na ce ya faɗa mini darasin gero na zango na biyu. Kowa ya faɗi abin da ya tuna, gutsure-gutsure, ba wanda ya haɗa mini shi yadda siririn malamin nan zai haɗa. Ina kewar ajin nan har gobe. Wata uku kacal na zauna a cikinsa, amma ba wurin da na taɓa zama na ji nan ne wurina kamar bencin nan na biyu kusa da taga.

Ranar Alhamis ɗin da muka yi alkawari na sami Sambo a bayan kara, ƙarƙashin wata aduwa. Na miƙa masa gwangwanin. Bai yi godiya ba, ya dai riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Har na juya zan tafi sai abu ya faɗo mini.

"Tsaya. In an ba ka fom za a ce ka sa hannu. Mai takardar aji bakwai ba ya dangwala yatsa."

Ya zaro ido. Wannan bai zo masa a rai ba.

Na karyo karan gero, na share rairayi da tafin hannu, na rubuta Sambo Gide da manyan baƙaƙe, na ce ya yi irinsa a ƙasa. Hannun da ke kayar da bijimi ya damƙe karan kamar igiya. Harafin farko ya juya masa baya sau ya fi goma.

"Kai Bamange, ashe da maciji sunana ya fara? Abin da ka yi ta ɗauka ke nan shekara bakwai?"

"Rubuta, sarkin surutu."

Muka yi azahar muka dawo, muka yi la'asar muka dawo. Manyan motoci suka fara lodin shanu suna fita, 'yan kasuwa suna kwashe rumfuna, mu muna durƙushe. Ya rubuta ya share, ya rubuta ya share. Can sai ya yi shi tiryan-tiryan bai ɗaga kai ya dubi nawa ba. Na duba, har 'yar ƙugiyar da nake yi wa G tun ina aji biyu ya kwaikwaya.

"Ya yi?"

"Ya yi," in ji ni.

Ya tsuguna yana kallon sunayen biyu, nawa a sama nasa a ƙasa. Sai ya waiga hagu da dama, ya rage murya.

"To share naka, kada wani ya zo ya ga biyu."

Na sa tafin hannuna na share.